Gwangwanin madara ko kwalin takalmi: da wanne za ka fara kyamarar hujin allura?

Ƙanena, na ga tambayarka: kana da gwangwanin Nido da madararsa ta ƙare, kana da kwalin takalmi, an kuma kawo maka fakitin takardar hoto daga Yamai, kana so ka san wanne za ka mayar kyamara. Na yi aiki da duka biyun a nan Tawa, kuma shawarata ka fara da gwangwani. Kwalin ka ajiye shi wurin da gara ba za ta kai ba, akwai aikin da shi kaɗai zai iya yi maka.

Asalinsu ɗaya ne. Kowanne ɗan ɗaki ne mai duhu da ƙofa guda wadda ba ta kai kan allura ba. Haske a miƙe yake tafiya, shi ya sa wanda ya taso daga kan bishiya yake bi ta hujin ya sauka a ƙasan takarda, na gindinta ya hau sama, hoto ya fito a kife. Ibn al-Haisam, haifaffen Basra da ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya bayyana wannan cikin Kitabul Manazir. Ya jera fitilu a gaban huji ɗaya, ya nuna kowace tana jefa haskenta daban a bango ba tare da sun cakuɗe ba. Faransawa na ce wa irin wannan kyamara sténopé, kalmar za ta yi maka amfani in kana bincike a intanet.

Inda suka fara rabuwa shi ne satar haske. Kwali yana da kusurwa takwas da marfi mai sako-sako, kuma ranar garin nan ba ta bar ko tsaga ɗaya. Sai ka bi kowace gaɓa da baƙin salatif irin na masu haɗa wayar lantarki, sannan zafin bazara ya narkar da danƙon salatif ɗin ya ɗago, damina ta zo laima ta lanƙwasa kwalin. Hotona na farko da na fi sa rai a kansa, na wata tsohuwar rijiya, wani baƙin zane ne ya ratsa shi tun daga sama har ƙasa saboda kusurwa ɗaya da ta buɗe ban lura ba, kuma har yau abin yana yi mini ciwo. Gwangwani kuwa ƙarfe ne, rauninsa biyu kacal. Marfinsa na roba ne, haske na ratsa shi, don haka ka lulluɓe shi da baƙar leda ninki biyu ko uku ka ɗaure. Cikinsa kuma yana ƙyalli, sai ka shafe shi da baƙin fenti marar sheƙi. Bayansa dai kada ka yi masa baƙi, in ba haka ba zai sha rana ya gasa takardar. Ko wanne ka haɗa, ka gwada shi tukuna: sa guntun takarda, bar hujin a rufe, ajiye a rana minti 5, ka wanke. In ta fito fara fat, kyamararka ta tsare haske.

Hujin kansa ba a jikin gwangwani ko kwali ake yin sa ba, duk sun yi kauri. Ka huda babban rami da ƙusa, ka yanko ɗan falle daga gwangwanin lemo, ka danna tsinin allura a hankali har ya yi ɗan tudu a baya, ka goge tudun da samfefa mai laushi, ka sake juya allurar kaɗan. Ɗaga shi ga haske ka duba, zagayayye ake so, marar gemu. Shi za ka manna a kan ramin.

Girman hujin ya danganta da nisan da ke tsakaninsa da takarda, kuma a nan ne lissafi ya shigo. Wani masanin Ingila, Lord Rayleigh, ya fitar da ƙa'idar a 1891. Abin da ta ba mu a taƙaice: in nisan santimita 10 ne, kamar faɗin matsakaicin gwangwani, hujin ya zama kusan milimita 0.45. In santimita 20 ne, kamar kwalin da aka huda ta dogon gefensa, kusan milimita 0.63. In ya fi haka faɗi hoto ya dushe, in ya fi haka ƙanƙanta ma ya dushe, domin haske na watsuwa a bakin huji mai matsi sosai. Takardar hoto ba ta da saurin kama haske kamar fim. A rana tsaka gwangwanin zai nemi kamar daƙiƙa 30, kwalin kuwa minti ɗaya ko fiye. Wannan mafari ne kawai, ka riƙa rubuta lokacin kowane hoto a littafi har ka san halin kyamararka. Minti ɗaya a iskar hunturu ba wasa ba ne ga kwali, ba shi da nauyi, ɗan kaɗawa kaɗan ya ɓata komai, sai ka ɗora masa dutse. Gwangwani kuwa ka ɗaure shi da robar taya a jikin turke ko ƙarfen ƙofa, ya tsaya cak.

Yanzu ga wurin da kwali ya yi nasara, kuma nasarar ba ƙarama ba ce. A cikin kwali takarda a shimfiɗe take, don haka duk layin da yake miƙe a waje a miƙe zai fito. A cikin gwangwani takardar tana bin zagayen jikinsa. Hakan na ba ka fili mai faɗi ƙwarai, abin da ke hagu da dama duk ya shigo, kuma gefen hoton ba ya yin duhu sosai kamar na kwali, saboda gefunan takardar sun matso kusa da hujin. Amma katanga za ta lanƙwashe, bakin sama da ƙasa ya zama kamar baka, sai fa in ya zo daidai tsayin hujin. Ga tabki, ko garken shanu a kwance, ko inuwar gawo, wannan lanƙwasa tana da daɗin kallo, ni kam ina son ta. Ga gini kuwa tana iya zama rashin adalci. Ka ɗauki masallacin Juma'a na Yama a jihar nan tamu, wanda magini Falke Barmu ya fara ginawa da ƙasa a 1962, ya kuma samu kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Hasumiyoyinsa huɗu kowace da siffarta, mai ginin da gangan ya yi su haka. In ka kai gwangwani, lanƙwasar kyamara za ta shiga cikin aikin hannunsa, mai kallo ya kasa rabe wanne ne na magini wanne ne na gwangwani. Irin wannan wuri kwali za ka kai.

Kwali yana da wani alheri kuma: za ka iya ganin hoton da idonka tun ba ka ɓata takarda ba. Yanke bayansa, manna farar takarda da ka shafa wa man gyaɗa har ta yi shara-shara kamar wadda aka naɗe ƙosai a ciki, ka lulluɓe kanka da bargo. Za ka ga tsakar gidanku a kife, da launinta, kaji na tafiya ƙafa a sama. Don wannan ka ɗan faɗaɗa hujin. Ka nuna wa yaran gida.

Halin takardar kuwa ɗaya ne a duka biyun. Tana jin shuɗi da kore, ba ta jin ja. Shi ya sa za ka iya sa ta da cire ta a ƙarƙashin jar fitila mai rauni, shi ya sa kuma jar ƙasar yankinmu na Adar da katangun laka suke fitowa da duhu fiye da yadda ido ke ganinsu, sama kuma ta fito fara. Ranar azahar tana ƙara tsananta wannan. Da hantsi ko bayan la'asar ya fi, ranar da hazo ya rufe gari kuma ita ce mafi kyau, don inuwa na yin laushi. Wajen wanki, magungunan an tsara su ne a kan digiri 20, mu kuwa a Afrilu muna haura 40. Ka yi wankin da asuba da ruwan randa. A hoton da zai fito, fari ya koma baƙi, baƙi ya koma fari, sai ka ɗauka da wayarka ka juya shi.

Kowace kyamara hoto ɗaya take ɗauka kafin ka koma ɗakin duhu. Gwangwanaye biyar suna shiga jaka ɗaya, kwalaye biyar sai kan amalanke.

Akwai kuma abin da kwali ba zai taɓa jurewa ba, wato hoton tafiyar rana. Ana ɗaure gwangwani a waje wata shida, daga 21 ga Disamba zuwa 21 ga Yuni, rana tana zana layinta ɗaya kullum a kan takardar, kuma ba a wanke ta da magani, ana buɗewa ne a ɗauka nan take. A Ingila wani gwangwani da Regina Valkenborgh ta ɗaure a 2012 ya kwana shekara takwas a wurin kafin a sauke shi, aka ƙirga layuka 2,953. Sai dai mu a Tawa muna kusa da digiri 15 arewa da layin tsakiyar duniya, rana na bi ta tsakar kanmu wajen farkon Mayu da tsakiyar Agusta. In ka tsayar da gwangwanin a miƙe yadda Turawa ke yi, saman layukan zai fita daga takardar. Ka fuskantar da hujin kudu, ka kuma karkatar da shi sama sosai.

Lahadin ƙarshe ta watan Afrilu ita ce ranar masu wannan sana'a a duniya tun 2001, ga shi Lahadi ce ranar kasuwar Tawa. Ka shirya gwangwanaye uku kafin nan. Ka nemi izinin mai rumfa, ka ɗaure ɗaya a turkenta da hantsi. Masu wucewa ba za su fito ba sai ɗan hayaƙi-hayaƙi, mai rumfar da ya zauna shiru daƙiƙa 30 shi zai fito sarai da kayansa. Ka wanko masa kwafi ɗaya, sauran ka kawo mini mu duba tare.