Mazubin silikon da nake dunƙula ƙwayoyin cutar kansa da shi

Wata bakwai ke nan ina aiki da wani ɗan mazubi na silikon a ɗakin bincikenmu. Bukatata ita ce ƙwayoyin kansar nono, irin MCF-7, su daina shimfiɗewa a gindin faranti, su dunƙule kamar yadda ƙari yake a jikin mutum, sannan in gwada musu magani.

Da can ɗigon ruwa mai ɗauke da ƙwayoyin nake ratayawa a murfin faranti. In ka juya murfin hannunka ya ɗan yi rawa, aikin kwana biyu ya bi ruwa.

Shi kuwa wannan mazubin, agaros ake narkawa, wanda ake samu daga ciyawar teku, kashi 2 cikin 100 a ruwan gishiri. Ka zuba shi a mazubin da zafinsa, cikin 'yan mintuna ya daskare kamar romon ƙafar sa da ya kwana. Wannan daskararren shi ne haidirojel. Ka lanƙwasa mazubin ya faɗo, sai ga 'yar tanda irin ta masa mai gurbi 81, a cikinta ake zuba ƙwayoyin. Ƙwayoyin ba sa iya manne wa agaros, don haka in sun kwanta a gurbin sai su rungumi juna. Washegari na leƙa madubin ƙara girma na tarar da curi-curi kamar an mulmula fura, kusan duk kai ɗaya. Nan ya saye ni, domin gwajin magani ba ya tafiya in wani curin ya ninka wani.

Sai dai yana son haƙuri. Kumfa ɗaya ta maƙale, gurbin ya tashi a banza. Sau biyu ina huda jel ɗin da bakin fifet, wato ɗan bututun ɗibar ruwa, wajen canza ruwan abincin ƙwayoyin, ƙwayoyin suka watse. Laifin gaggawata ne. Na kuma taɓa cika ƙwayoyi da yawa, curin ya haura maikuromita 500, wato rabin milimita, tsakiyarsa ta yi duhu ta mutu, saboda iskar oksijin ba ta ratsawa fiye da maikuromita 200 ko kusa da haka.

Kuɗinsa ya ɗan ciji aljihu, amma ana wanke shi a turara a otokilef, wato tukunyar tururi mai kashe ƙwayoyin cuta, a sake aiki da shi. Nawa na farko har yau shi nake zubawa. In ƙwayoyinka masu neman abin kamawa ne, kamar ƙananan hanjin da ake renawa a jel ɗin da ake kira Matrigel, wannan ba naka ba ne.