Girgijen Intanet, Sabar Ofis ko Cibiyar Haya: Ina Kamfani Zai Ajiye Bayanansa?

Duk kamfanin da sabarsa (babbar kwamfutar da ke adana bayanansa da gudanar da manhajojinsa) ta tsufa, ko lasisin manhajarsa ya kusa ƙarewa, dole ya yanke shawara tsakanin sake sayen na'ura ya ajiye a ofis, ko komawa girgijen intanet na Amazon, Microsoft ko Google, wato hayar na'urorinsu ta hanyar intanet, ko kuwa kai na'urarsa cibiyar adana bayanai ta haya. Dillalai sukan tallata girgije kamar shi ne ƙarshen zance, amma ga kamfanin da cinikinsa da naira yake, lissafin ya fi haka tsawo.

Amfanin girgije ba ɓoyayye ba ne. Tun da Amazon ya fara bayar da hayar sabar a 2006, kamfani ba ya buƙatar zuba jari mai nauyi kafin ya fara aiki. Abin da ya yi amfani da shi yake biya, ya ƙara idan ciniki ya buɗe, ya rage idan kasuwa ta yi sanyi. Ayyukan ƙirƙirarriyar basira ma, waɗanda na'urorinsu ke da tsadar gaske, hayarsu a can ta fi sayensu hikima ga mai gwaji. Sai dai da dala ake yanka farashin. Kafin Babban Bankin Najeriya ya saki naira a watan Yunin 2023, dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, amma a farkon 2024 ta haura 1,500, wato kamfanin da bai ƙara ko fayil ɗaya ba ya wayi gari kuɗin hayarsa ya ninka uku. Ga kuma nisa: manyan cibiyoyin Microsoft na nahiyar nan suna Afirka ta Kudu tun 2019, na Amazon kuma a Cape Town tun 2020. Ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, bankuna da kamfanoni da dama a Najeriya da Ghana sun sha wahalar kaiwa ga bayanan da suke nasu na kansu.

Ajiye sabar a ofis kuwa, kwanciyar hankalin da take bayarwa ta ganin ido ce kawai. Na'urar tana son wuta da sanyi dare da rana, alhali a watan Afrilun 2024 an ɗaga farashin lantarki na rukunin A zuwa naira 225 kowane kilowat a awa, ban da kuɗin dizal da batura da albashin injiniyan da zai tashi cikin dare idan ta tsaya. Mallakar ƙarfen ma ba ta raba kamfani da biyan dala, domin bayan kamfanin Broadcom ya sayi VMware, mai manhajar gudanar da sabar, a watan Nuwamban 2023 ya daina sayar da lasisin dindindin, ya mayar da kowa biyan kuɗin shekara. Ban ga dalilin wannan zaɓi ba sai ga masana'antar da injinanta ba za su jure yankewar intanet ko ta minti ɗaya ba.

Zaɓi na uku shi ne wanda aka fi mantawa da shi, kuma a ganina shi ya fi dacewa da matsakaicin kamfani mai aiki tsayayye. Kamfani ya sayi sabarsa, ya kai ta cibiya irin Rack Centre da ke Ikeja, ko MDXi wadda ta koma hannun Equinix a 2022, ko Galaxy Backbone mai cibiyoyi a Abuja da Kano, su kuma su ɗauki nauyin wuta, sanyaya ɗaki, tsaro da layukan sadarwa. Bayanan suna nan cikin ƙasa, abin da ke sauƙaƙa bin Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane waje. Ko a Amurka an ga irin wannan: kamfanin 37signals ya kashe dala miliyan 3.2 a girgije a 2022, sai ya sayi na'urorinsa a 2023 ya ajiye a cibiyoyin haya, saboda nauyin aikinsa ba ya hawa da sauka. Cikas ɗin wannan hanya shi ne jarin farko, da kuma cewa sabunta manhaja da toshe kafofin masu kutse suna wuyan kamfanin.

Saboda haka ba lallai ne a zuba komai wuri guda ba. Imel da takardun ofis su tafi Microsoft 365 ko Google Workspace, domin babu ribar da kamfani zai ci wajen kula da su da kansa. Manhajar lissafin kuɗi, albashi da kayan sito, waɗanda nauyinsu sananne ne duk wata, su zauna a cibiyar haya, a kuma ajiye kwafinsu a wani gari daban. Kafin sa hannu a kowace yarjejeniya, a nemi dillali ya rubuta da wane kuɗi za a riƙa biya, da nawa zai caja ranar da kamfani ya so kwashe bayanansa ya bar shi, domin manyan masu girgije ba sa karɓar kuɗin shigar da bayanai, wajen fitarwa ne suke lissafi da gigabayit, ko da yake tun 2024 suna yafe wannan kuɗi bisa sharaɗi ga mai barin su.