Ƙwayar ƙarin jini ko abincin gida ga mai juna biyu

A ƙauyukan Ringim da Gumel, mai ciki da aka ce jininta ya yi ƙasa tana da hanya biyu: ta sha jar ƙwayar da ake bayarwa wurin awo, ko ta dogara da tukunyarta.

Ƙwayar ta fi saurin aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar miligiram 30 zuwa 60 na sinadarin ayon, wato ƙarfen da jiki ke haɗa jini da shi, kullum ga kowace mai ciki don rigakafi, tare da bitamin ɗin da ake kira folik asid. Tana iya kawo tashin zuciya da baƙin bayan gida, shi ya sa mata da yawa ke ajiye ta, abin da ke damuna ƙwarai. Wasu kuma sai su ninka don jini ya cika da wuri. Wannan kuskure ne: ayon da ya yi yawa yana haifar da gurɓatattun sinadaran iskar oksijin masu cin ƙwayoyin halitta, kamar yadda tsatsa ke cin fartanya. Yaro ƙarami kuwa da ya haɗiye ƙwayoyin da yawa zai iya rasa ransa, don haka a ɓoye su.

Abinci ba ya kai mutum ga wannan haɗari. Sai dai ayon ɗin wake da zogale da gero kaɗan jiki ke tsotsa, na nama da kifi ya fi shiga. Lemon tsami ko tumatir na taimakawa, shayi bayan cin abinci yana hanawa.

Ni dai ina ganin wadda jininta ya riga ya ragu ta sha ƙwayar yadda ungozomar asibiti ta ce, miyar zogale ta biyo baya.