Gargaɗi ga mutanen Zariya kan masu gyaran firji na bin gida-gida

Assalamu alaikum jama'ar Zariya da kewaye. Akwai wasu mutane da suka mayar da gyaran firji, firiza, fanka da talabijin hanyar cutar bayin Allah, kuma abin ya kai inda yin shiru taimaka musu ne. Ba su da shago, ba su da ubangidan da ya koya musu aiki da za a je a kai masa ƙara. Jarinsu lambar waya ce da suka rubuta a jikin katanga da falwaya, ko suka jefa a zaurukan WhatsApp na mata, sai babur da jakar kayan aiki. Duk wanda ka kira, sunansa Injiniya. Na ji koken waɗanda suka cuta daga Tudun Wada, na ji daga Gyallesu da Samaru, kuma labarin kusan iri ɗaya ne.

Sun san lokacin da suke fitowa. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ya kankama, matar da ke sayar da ƙanƙara, zoɓo ko kunun aya ba za ta iya kwana biyu firizarta a kashe ba. Azumin 2024 da na 2025 duk a Maris suka kama, kun ga kenan ciniki ya haɗu da zafi. Mai gaggawa ba ya tsayawa bincike, kuma sun fi son zuwa da hantsi, maigida ya fita, yara suna makaranta.

Yayata ce abin ya faɗa wa a Tudun Jukun. Firizarta ta daina sanyi, za ka ji ta yi gurnani kaɗan sai ta yi ƙas ta yi shiru, bayan 'yan mintoci ta sake. Ta kira ɗaya daga cikinsu, ya zo, ya ɗora hannu a bayanta, ko awon wuta bai yi ba, ya ce: "Hajiya, gas ne ya ƙare, ai dole, ta kwana biyu." Ta ce: "To Malam, nawa za a sa?" Ya karɓi kuɗi, ya dawo da 'yar tukunya, ya yi ta huci a bayan firiza, ya tafi. Ba abin da ya canza. Da ta kira shi, sai ya ce: "Ayya Hajiya, ashe har kwamfiresa ta taɓu, sai na kai ta wurin aiki." Kwamfiresa ita ce injin da ke tura gas ɗin cikin bututu har a samu sanyi. Aka ɗora firiza a Keke Napep. Daga nan sai yau, sai gobe, sai an yi masa rasuwa, sai kayan na hanya daga Kano. Ranar da ya dawo da ita, sanyin da take yi bai iya daskarar da ruwan leda ba, kuma daga wannan rana lambarsa ba ta sake shiga ba.

Mun kai ta wurin wani dattijo mai shago a Sabon Gari. Ya juya bayanta ya haska mana da tocila. Kwamfiresar da ke ciki an shafe ta da sabon baƙin fenti, har ya ɗiga a kan ƙarfen da take zaune, takardar jikinta an kankare, waldar bututun kuma sabuwa fil. Ƙaramar kwamfiresa ce ta tsohon firji aka liƙa mata, aka tafi da tata. Da yayata ta kwaikwayi ƙarar da firizar take yi tun farko, ya girgiza kai ya ce yawanci wannan alamar rile ce, ɗan abin da ke tayar da kwamfiresa, wanda bai fi girman akwatin ashana ba, kuma a gida ake canza shi cikin mintoci. Ya ce da shi ake farawa kafin a zargi komai.

Ina so kowa ya riƙe wannan, domin ta nan suke shigowa: gas ɗin firji ba ya ƙarewa don an daɗe ana amfani. Ba irin gas ɗin girki ba ne da ake ƙonawa. A rufe yake cikin bututu, yana zagayawa ne kawai, kuma firji na iya shekara 10 ko fiye ba a ƙara masa ko ɗigo ba. Idan da gaske ya fita, to akwai huji, sau da yawa daga wuƙar da muke sa wa muna ɓamɓare ƙanƙara, ko daga tsatsa. Mai gyara na gaskiya sai ya nemo hujin, ko da ruwan sabulu ne yana duba inda kumfa ke tashi, ya toshe shi, ya zuƙe iskar ciki da injinsa, sannan ya sa gas. Wanda ya ce zai ƙara gas bai yi maganar huji ba, ko bai san aikin ba, ko kuma yana shirya wa kansa dawowa ne bayan makonni ya sake karɓar kuɗi.

Gas ɗin ma iri-iri ne. A bayan kowane firji ko a cikinsa akwai takarda da ta faɗi irin gas ɗinsa da nauyinsa da giram. Da yawa na amfani da R134a, sababbi kuma galibi R600a, wanda yake kama wuta. Tsofaffin da ake shigowa da su a da, R12 suke ɗauka, wanda duniya ta yi yarjejeniyar dainawa a birnin Montreal na Kanada tun 1987. Ba a haɗa su, domin kowanne da irin kwamfiresa da man da ya dace da shi. Akwai marasa tsoron Allah da ke ɗura gas ɗin girki a madadin R600a saboda arha. Wannan ya wuce cin kuɗi, wasa ne da rayukan mutanen gida, musamman inda firji yake kusa da murhu. Ku ce a nuna muku gwangwanin, ku karanta lambar jikinsa, ku gwada da ta takardar firjinku.

Me ya sa suke son fita da kaya? Saboda abin da ke ciki kuɗi ne. Kwamfiresa mai lafiya ana sayar da ita a matsayin 'yar Kwatano, wayar jan ƙarfe kuma 'yan gwangwan na saye da kilo. Haka ake yi wa fanka. Fankar sama da ta rage gudu, ko sai an tura ta da sanda kafin ta tashi, galibi kafasita ce ta mutu, wato ɗan abin da ke taimaka mata tashi, kuma tana cikin mafi arhar kayan gyara. Su kuwa sai su ce kwayil, wato wayar da aka naɗe a cikin injinta, ya ƙone, su sauke ta, su zare na jan ƙarfe su naɗa na alminiyom. Za ta yi ta zafi, ba za ta yi ƙarko ba.

Na talabijin a taƙaice: idan kana jin magana amma hoto ya ɗauke, kashe fitilar ɗaki ka haska gilashin da tocilar waya kusa-kusa. In ka ga inuwar hoto na motsi, fitilun bayan gilashin ne suka mutu, kuma ana canza su. Kada wani ya ce maka gilashin ya tashi aiki, ka sayar masa a matsayin gwangwan.

Ba ina cewa masu gyara duka haka suke ba. Wallahi akwai masu amana a garin nan, a Sabon Gari, a PZ, a Tudun Wada, a Samaru, mutanen da suka yi shekaru a shago ɗaya, yaransu na koyon aiki a gabansu. Su ma abin na ɓata musu suna, kuma a kansu gyaran ɓarnar ke ƙarewa. Hanyar samunsu ba ta da wuya. Tambayi wanda abincinsa ke rataye da sanyi: mai sayar da kifi ɗanye, mai shagon lemo, mai kemis. Wanda ke yi musu gyara shekara da shekaru, shi za ka nema. Sannan ka taka da ƙafarka ka ga shagon, ka gaisa da maƙwabtansa, ka ji tun yaushe yake wurin. Hoton shago a waya ba shaida ba ne.

Kafin kowa ya taɓa maka kaya, ɗauki hoton takardar bayan firjin da ta jikin kwamfiresa, lambobin su fito sosai, ka kuma yi wata 'yar alama da fenti ko ƙusa a inda kai kaɗai ka sani. Ka yi hakan a gabansa ma, mai gaskiya ba zai ji haushi ba. A yi gyaran a gida in zai yiwu, da wani babba a tsaye. In dole sai an fita da shi, a bi shi har shagon, a karɓi rasit mai suna da kwanan wata. Duk abin da aka ce an canza, a ba ka tsohon a hannunka, sabon kuma ka gan shi kafin a ɗaura. Kada ka biya duka kafin aiki, kuma in ya ba ka lambar asusu da sunan wani, ko ya ce ka tura wa mai POS, ka dakata. Wanda kayansa ke da garanti har yanzu, ya koma inda ya saya, domin da zarar wani ya buɗe, garantin ya faɗi.

Iyayenmu mata da 'yan uwa, don Allah kada kunya ta sa ku yarda. "Bari Baban yara ya dawo" ta isa amsa, kuma in ya fara matsawa yana cewa kafin yamma injin zai ƙone gaba ɗaya, ku zare filogi daga bango kawai. Firji a kashe ba ya ƙara lalacewa.

Akwai kuma abin da ke kai mu hannunsu tun farko, wato wuta mai rauni da yawan ɗaukewa. An ƙera kayan nan ne don wuta mai ƙarfin volt kusan 230, in ta yi ƙasa sosai kwamfiresa na wahala wajen tashi. Sitabilaiza mai jinkiri, ko ɗan na'urar kariya da ake sa wa a soket, na rage ɓarna ƙwarai. In babu, idan aka ɗauke wuta aka dawo da ita nan take, a ba firji kamar minti 5 kafin a kunna.

Wanda kuma abin ya riga ya same shi, kada ya ce ya bar wa Allah ya yi shiru, domin gobe gidan maƙwabcinsa za a shiga. Ajiye lambar wayar, saƙonninku da shaidar tura kuɗi, ka sanar da mai unguwa, ka kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa, domin zamba cikin aminci laifi ne a doka. In ta banki ka biya, ka je bankinka da wuri ka shigar da ƙorafi a rubuce. In mai shago ne ko kamfani ya yi maka aikin banza ya ƙi gyarawa, hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, na karɓar irin wannan ƙorafi. A zauren unguwa kuma a faɗi yadda aka yi dalla-dalla, amma kada a yaɗa hoton wani ko sunansa sai da tabbaci, kuma kada a ɗauki doka a hannu.