Sega ta koma HDMI amma sauti ya lalace: a sake buɗe ta, ko a ja sautin ta gefe?

Masu tsohuwar na'urar wasan bidiyo Sega Mega Drive a Garwa da Marwa na Kamaru sun dame ni da tambaya ɗaya: an yi mata aiki ta hau talabijin na zamani ta HDMI, wato wayar da ke kai hoto da sauti tare, hoto ya fito tas, amma sauti sai gurnani. Me za a yi?

Hanya biyu ce. Ko a mayar wa mai gyara ya sake buɗe ta, ko a ja sauti daga ramin abin sauraro na kunne zuwa sifika daban.

Ta biyun ba ta cin kuɗi, waya ɗaya ce kawai, kuma ba abin da zai ƙone. Samfurin farko na na'urar yana da wannan rami a gaba, har da maɓallin ƙara murya, kuma sitiriyo (sautin dama da hagu) yake bayarwa, alhali ramin da ke bayan na'urar mono ne (sauti guda). Sai dai talabijin na zamani yakan ɗan jinkirta hoto, sai ka ji ƙarar bugu a wasan kafin ka gan shi. Samfuri na biyu kuwa ba shi da ramin ma.

Buɗewa ita ce maganin gaske. Sau da yawa wayar sauti ce aka bi da ita kusa da ta hoto ba kariya, ko dalma ba ta kama ba, ko kafasitoci, wato ƙananan sassa masu riƙe lantarki, da suka haura shekara 30 sun gaji. Amma fa allon lantarki na cikinta ya tsufa. Hannu ya yi rawa, layin tagulla ya ɓare, shi ke nan. Kafin nan ma a gwada wata cajar, don ta bogi kaɗai tana kawo gurnani.

Mai samfurin farko da ke son wasa yau, ya ja waya. Mai na biyu, ko mai niyyar ajiye ta, ya nemi ƙwararre.