Tashar jirgin ƙasa ta Dei-Dei: ta yi, sai dai jiragen sun yi kaɗan

Da yawa daga masu kwana a Dei-Dei suna aiki cikin gari ba su taɓa leƙa tashar jirgin ƙasar da ke unguwarsu ba. Wasu ma sun ɗauka jirgin Abuja na masu zuwa filin jirgin sama ne kawai. Ni na hau daga nan, kuma ina ganin ya kamata mutanenmu su san da ita.

Tashar tana kan reshen da ya tashi daga Idu ya nufi Gbazango ta wajen Kubwa, tsakanin Gwagwa da Kagini. Mai zuwa tsakiyar birni sai ya fara isa Idu, inda reshen ya haɗu da babban layin da ke tsakanin tashar Metro da filin jirgin saman Nnamdi Azikiwe. A Idun ne kuma jirgin Kaduna ke tashi, saboda haka mai zuwa ganin gida ta Rigasa ya huta da neman tasi. Buhari ne ya buɗe layin jirgin cikin Abuja a watan Yulin 2018, korona ta sa aka dakatar da shi a 2020, sai a watan Mayun 2024 Tinubu ya sake ƙaddamar da shi, aka yi ta ɗaukar fasinja kyauta.

Abin da ya fi kwanta mini a rai shi ne natsuwar wurin. Ba ɗan kamasho mai jan hannunka, ba kwandasta mai cewa a matsa a zauna huɗu-huɗu. Ma'aikacin da na tarar ya gaishe ni, ya ce, "Alhaji, ina muka nufa?" sannan ya nuna mini inda zan jira. Taragon da tsabta, da sanyin na'ura. Duk wanda ya san cunkoson hanyar Kubwa da sassafe, ana tafiya kamar ana rakiyar amarya, ya san darajar zama a kujera ana wucewa ba tsayawa. Dattawa da mata masu goyo su na fi taya murna.

Matsalar ita ce lokaci. Jiragen da ke bin wannan reshe ba su da yawa a yini, idan ɗaya ya kuɓuce maka to jiran na gaba ba na minti goma ba ne. Ɗan kasuwar katako ko ta kayan gini da ke buɗe shago da wuri ba zai iya ɗora harkarsa a kan haka ba, kuma su ne suka fi buƙatar jirgin. Ga kuɗin acaba daga cikin unguwa zuwa bakin tasha, shi ma sai ka sa a lissafi.

Da za a ƙara jirage safe da yamma, da na ajiye shiga bas gaba ɗaya. Kafin nan, mai son gwadawa ya je tun ana gobe ya tambayi lokacin tashi, da na haɗuwa da jirgin Metro a Idu.