Wane janareta za ka fara ƙerawa a Minecraft mai mod?

Ƙanena ne ya same ni a ɗaki a nan Garwa, kwamfuta a cinya, ya ce: "Yaya, na ƙera injin niƙa ma'adinai amma ya ƙi motsi." Na duba, babu abin da ke ba shi wuta. Duk wanda ya bar wasan Minecraft na asali ya shiga kunshin mod, wato ƙarin da ake ɗora wa wasan, irin su Thermal, Mekanism da Immersive Engineering sai ya ci karo da wannan, kuma yawanci ƙarfen da ke hannunsa bai fi na janareta ɗaya ba. Su mod ɗin nan na bugun Java ne na kwamfuta, mai buga wasan a waya kada ya wahalar da kansa.

Ana auna wutar da ma'aunin da ake kira RF ko FE a kowane tik, wato bugun agogon wasan, tik 20 kuma shi ne daƙiƙa ɗaya. Amma ni ba lambar nake fara dubawa ba. Abin da nake tambaya shi ne: wa zai riƙa ciyar da shi? Sayen doki ba wuya, harawa ce aiki.

Mafi sauƙi shi ne mai cin gawayi, wato Stirling Dynamo na Thermal, mai ba da RF 40 a tik. Duk abin da murhu ke ci shi ma yana ci: kwal, gawayi, katako. Tun da wuri ma za ka iya haɗa shi. Matsalarsa ci. Kwal ɗaya a murhun wasan yana gasa abu 8, don haka duk wanda ka jefa wa janareta ka rage na girkin ƙarfe. Shawarata kada ka ba shi kwal ɗin rami ko kaɗan. Dasa itatuwa a bayan gida, ka ƙona itacen ya zama gawayi, ka haɗa masa mazurarin hofa ya riƙa zuba masa da kansa. A wasa dai babu ma'aikacin gandun daji da zai tare ka.

Heat Generator na Mekanism shi ma ba ya bukatar wuta kafin a ƙera shi, sai dai ka nemo ma'adinin osmium. Idan ka kewaye shi da narkakken dutse yana ba da wuta kaɗan-kaɗan ba tare da cin komai ba. Kaɗan ɗin fa da gaske nake. Amfaninsa ɗaya ne a wurina: ya kunna Metallurgic Infuser, injin da ke haɗa gamin ƙarfen da sauran janaretocin Mekanism ke nema.

Mai hasken rana kuwa shi ke yaudarar mutanenmu. Mun saba ganin faranti a kan rufin shaguna, ga kuma manyan tashoshin sola na Marwa da Gider, sai mutum ya ɗauka a wasan ma haka abin yake. Ranar Minecraft ba ranar watan Maris ta Garwa ba ce. Yini da dare duka minti 20 ne, kusan rabinsa babu wutar kirki, ruwan sama kuma yana rage ta. Dole ka ƙara da batirin ajiya, kuɗi kan kuɗi. A mod ɗin IndustrialCraft 2 ma, mai auna wuta da EU, abin ya fi fitowa fili: farantin rana EU 1 a tik, janaretan gawayi EU 10. Faranti goma kafin su kamo janaretan gawayi ɗaya, shi ma da rana tsaka.

Wanda zuciyata ta fi kwantawa da shi shi ne injin iska na Mekanism. Ba ya cin komai, ba ruwansa da dare, ba ruwansa da damina. Sharuɗɗansa biyu: ya ga sararin sama babu abin da ya rufe shi, kuma gwargwadon tsayin inda ka kafa shi gwargwadon wutarsa. Wanda ya dasa shi a bakin teku ya cuci kansa. Hau dutse, ko ka gina masa hasumiya, ka jawo waya zuwa ƙasa. Tsadarsa tana cikin kayan haɗi, domin sai ka riga ka sami wuta kafin ka ƙera su. Shi ya sa ba ya zama na farko, na biyu ne.

Sai wilin ruwa na Immersive Engineering, wanda ƙanena ya nace a kansa wai zai gina tasa madatsar ruwan Lagdo. Kyau kam yana da shi, kuma za ka iya jera har guda uku a jikin dinamo ɗaya. Sai dai hanyar da nisa: ka gina tandar kok, wato ta gasa kwal, mai bulo 27, ka jira ta tatso man kiriyosot, ka jiƙa katako da shi, sannan ka daidaita yadda ruwa zai bi ta kan wilin, in ba haka ba juyin ya yi rauni. Kada kuma ka rikita shi da wilin ruwa na mod ɗin Create. Wancan ƙarfin juyi yake bayarwa, ba lantarki ba, ba zai kunna injin Thermal kai tsaye ba.

Akwai abin da ya shafe mu musamman. Idan kana wasa kai kaɗai, da zarar ka rufe wasan duniyar ta tsaya cak, babu janaretan da ke tara maka komai. Mu da ake ɗauke wa wuta, batirin kwamfuta ya ba ka sa'a ɗaya ko biyu, ba ka da lokacin ɓatawa wajen saran itace don ciyar da inji. Don haka na ce wa yaron ya ƙera Stirling ɗaya yau, ya yi amfani da wutarsa ya haɗa kayan injin iska biyu, gawayin ya koma na ko-ta-kwana. Ya ce to, Yaya. Da na leƙa bayan sallar isha'i na tarar yana haƙa magudanar ruwa.